Zanen Aro: Yadda Littattafan Jarumai na Amurka Ke Yi da 'Yan Matan Latin Amurka

Anya Corazón ta samu fitowa 12 kafin a rufe littafinta. Da aka canza mata suna aka sake gwadawa, ta samu 8. America Chavez ta samu 12. Yara Flor ta samu 7. Waɗannan su ne 'yan matan almara da manyan kamfanonin littattafan zane na Amurka, wato Marvel da DC, suka yi ta buga wa ganga a lokuta daban-daban, suna shelar cewa ga jarumar da 'yan matan Latin Amurka za su kalla su ga kansu. Littattafan nan wata-wata suke fita, kowace fitowa shafi ashirin ne da 'yan kai, ke nan wadda ta fi daɗewa a cikinsu shekara guda ta yi. Littafin da Superman ya fara bayyana a cikinsa a 1938 kuwa ya haye fitowa 1,000 tun 2018, na Batman ya bi sahunsa a 2019.

Na san akwai mai cewa zanen yara ne, me ya kai babba damuwa da shi. Zanen yaran nan shi ne ya zama finafinan da ke kwasar biliyoyin daloli, shi ne a bayan jakar makarantar yaranmu da gaban rigunansu, shi ne ke koya wa yaro tun bai iya karatu ba kamannin mutumin da ake kira gwarzo. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 2020, mutanen da asalinsu ya fito daga Meksiko, Puerto Rico, Kuba, Jamhuriyar Dominika, Kolombiya da sauran ƙasashen yankin sun kai miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar. Kusan rabinsu mata ne. Su ne a gonakin California, su ne a asibitoci da ajujuwa, ɗaya daga cikinsu, Sonia Sotomayor, tana zaune a Kotun Ƙoli tun 2009. Al'umma mai wannan yawa ta cancanci fiye da jarumar da ake kunnawa a kashe kamar fitila, kuma ra'ayina shi ne matsalar ba ta rashin fuskoki ba ce. Fuskoki akwai su. Abin da babu shi ne suna na kansu, da lokaci, da alƙalami a hannun matan da ake ba da labarinsu.

Abin ya samo asali da nisa. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani kamfani mai suna Fiction House ya fito da Señorita Rio, 'yar fim ɗin Hollywood da ta yi ƙaryar mutuwa domin ta koma leƙen asiri, tana farautar 'yan Nazi a Kudancin Amurka. Tana da wayo da ƙarfin zuciya, kuma wadda ta daɗe tana zana ta mace ce, Lily Renée, Bayahudiyar da ta tsere daga Vienna tana yarinya. Duk da haka abin da ake tallatawa a bangon littafin shi ne surar jikinta. Wannan tubali da aka aza shi aka yi ta ɗora gini a kai shekara da shekaru: macen Latin Amurka kyakkyawa ce, mai zafin kai, mai saurin fushi da saurin soyayya. A 1979 DC ta fito da Beatriz da Costa 'yar Brazil, wadda daga baya aka sani da Fire. Jikinta kan kama da koriyar wuta, ta yi sana'ar tallan kayan ƙawa, bakinta ba ya shiru. Aka haɗa ta da ƙawa 'yar ƙasar Norway mai kunya da sanyin hali, aka ba ita wannan ikon sarrafa ƙanƙara. 'Yar kudu wuta, 'yar arewacin Turai ƙanƙara. A 1981 Marvel ta kawo Bonita Juarez daga jihar New Mexico, ita ma wuta aka ba ta, aka kira ta Firebird. Ita Bonita an ɗan yi mata adalci, domin ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce mai riƙo da addininta na Katolika, mace mai natsuwa, sai dai shekaru kan wuce ba a ji ɗuriyarta ba.

Bahaushen da ya taɓa zama gaban fim ɗin kudancin Najeriya ya ga an ɗora wa wani hula, an ajiye shi a bakin get yana karya Turanci don a yi dariya, ya san irin wannan ciwo. An saka ka a labarin, ba za ka ce an manta da kai ba, amma mutumin da ke kan allon ba kai ba ne, kuma shi duniya za ta riƙa kira da sunanka.

Daga shekarun 1980 zuwa yau kamfanonin sun rage wancan salo, sai suka kama wata dabara, wadda ita ce ta fi damuna. Maimakon su ƙirƙiri jaruma da sunanta, sai su ɗauko sunan wani tsohon gwarzo da kayansa su ba ta ta riƙe. Yolanda Montez ta zama Wildcat, sunan Ted Grant. Renee Montoya ta zama Question, sunan Vic Sage. Angela del Toro da Ava Ayala sun gaji White Tiger daga Hector Ayala. Yara Flor ta zama Wonder Girl ta uku ko fiye. Ko sunan Miss America da America Chavez ta fara amfani da shi na wata Baturiya ce da aka ƙirƙira tun 1943. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma mai zane yana iya zuwa karɓar abinsa ko da tsakar rana.

Labarin Yolanda ya isa hujja. An fito da ita a 1985. Mahaifinta ɗan dambe ne, abokin Ted Grant, kuma Ted ɗin ne ubangidanta tun tana jaririya. Ta girma ta zama 'yar jarida mai rubutu kan mawaƙa. Da Ted ya karye a ƙafafu wajen ceton wani yaro, sai ta saka kayansa don kada sunan ya mutu. An yi ta murna, ga Wildcat mace 'yar asalin Meksiko. Shekara takwas bayan haka, a 1993, marubuta suna son nuna wa masu karatu irin muguntar wani azzalumi mai suna Eclipso, sai suka tura tawagar ƙananan jarumai ya karkashe su. Yolanda tana ciki, da Beth Chapel, likita baƙar fata da ita ma aro aka ba ta na sunan wani Bature. Ted Grant kuwa tuni ya warke, ya koma cikin kayansa kamar ba a taɓa ba wa kowa ba. Sai da aka shafe fiye da shekara ashirin kafin a waiwayi Yolanda da gaske, lokacin da wani shirin talabijin ya buƙace ta. Marubuciya Gail Simone ta tattara jerin irin waɗannan mata a 1999, matan da ake kashewa ko a nakasa ko a wulaƙanta kawai don labarin wani namiji ya yi zafi, kuma jerin ya yi tsawon da ya kunyata masana'antar.

Na Anya Corazón ya fi ban takaici ta wata fuskar, domin ita da sunanta ta zo. A 2004 aka fito da ita, 'yar makarantar sakandare a Brooklyn, uba ɗan Puerto Rico kuma ɗan jarida, uwa 'yar Meksiko, sunan jarumtarta Araña. Da littafin bai yi kasuwa yadda ake so ba, sai a 2010 aka cire mata wancan suna aka liƙa mata Spider-Girl, wato aka mai da ita reshen wani, aka kuma kashe mahaifinta tun a farkon sabon labarin. Mahaifin nan shi ne igiyar da ta ɗaure ta da gida da harshe da unguwa. Fitowa takwas aka rufe.

Renee Montoya kuwa ba ta da wani sihiri ko ƙarfin ban mamaki. 'Yar sanda ce a birnin Batman tun 1992, 'yar baƙin haure daga Jamhuriyar Dominika masu ɗan kantin kayan masarufi. Mafi kyawun abin da aka rubuta a kanta an rubuta shi ne tana 'yar sandarta, tana fama da rashawar abokan aiki, da kisan abokin aikinta, da kwalbar giyar da ta kusa hallaka ta. Ta ajiye aiki, ta tashi daga ƙasa da kanta, ta gaji sunan Question. Sai a 2011 DC ta rushe dukkan labaranta ta sake lale, Renee ta ɓace na wasu shekaru, duk wannan gini ya bi ruwa.

In aka tambayi kamfanonin, amsarsu ɗaya ce: ba a saya ne. A 2017 wani babban jami'in sashen ciniki na Marvel, David Gabriel, ya faɗa a wata hira cewa abin da suke ji daga masu shaguna shi ne mutane sun gaji da sababbin jarumai mata da waɗanda ba Turawa ba. Maganar ta tayar da ƙura har ya fito ya yi gyara. Amma ya kamata a duba yadda ake auna sayen nan, domin a nan gizo ke saƙa. Littattafan wata-wata ana sayar da su ne galibi a shagunan da ba su da wata haja sai su. Mai shago yana yin oda tun makonni da yawa kafin littafi ya fito, da kuɗinsa, kuma in ya yi kwantai ba a karɓa a mayar masa. Daga 1997 zuwa 2020 kusan kamfani ɗaya ne, Diamond, ke rarraba su duka. To mutumin da ya san asara a kansa za ta ƙare, me zai yi oda? Abin da tsofaffin kwastomominsa suka saba saya, kuma mafi yawansu maza ne manya da suka taso da Batman da Spider-Man. Kafin fitowar farko ta sabuwar jaruma ta kai hannun mai karatu, galibi an riga an yi odar ta biyu, kuma an rage yawanta. Yarinya 'yar shekara goma sha uku a wata unguwa ta Los Angeles ko San Antonio, wadda aka ce don ita aka yi littafin, ƙila ba ta taɓa shiga irin wannan shago ba. A laburaren makaranta take karatu, ko a waya, ko ta jira a haɗa fitowa shida a littafi guda mai arha. Lokacin da zai iso gare ta an riga an yanke hukuncin rufe shi. Ba a tambaye ta ba, sannan aka ce ita ce ba ta so.

Hujjar cewa ana iya yin dabam tana cikin gidan Marvel ɗin kansa. A 2014 suka fito da littafin Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan a Jersey City. Editar da ta tsaya a kai, Sana Amanat, Musulma ce 'yar asalin Pakistan da ta taso a New Jersey, marubuciyar kuma, G. Willow Wilson, Musulma ce. Akwai masallaci a labarin, da uwa mai sa ido, da wa mai yawan wa'azi, da rigimar dawowa gida bayan magariba. Littafin ya yi kasuwa musamman a intanet da kuma a haɗaɗɗun kundaye, ya ci lambar yabo ta Hugo, wadda ake ba labaran almarar kimiyya, a 2015, ya shekara da shekaru yana fita. Ita ma sunan aro aka ba ta, Ms. Marvel, amma an bar mutanen da suka san gidan daga ciki suka cika shi da rai, an kuma yi haƙuri da shi.

Wannan ya kawo ni kan Jessica Cruz, wadda ita ce ta fi ƙarfin ƙalubalantar abin da nake faɗa, kuma ba zan ɓoye cewa ina son labarinta ba. Ita ma rigar aro ce, Green Lantern, ƙungiyar 'yan sandan sararin samaniya masu zobe da ke aiki da ƙarfin niyya. Zoben ba ya zaɓen kowa sai mai iya cin galabar tsoro. Jessica kuwa tsoro ne ya yi mata katutu. Ta fita daji da abokanta, suka ci karo da wasu miyagu suna binne gawa, aka harbe abokan a gabanta, ita kaɗai ta tsira. Daga nan ta kulle kanta a ɗaki shekaru, ba ta iya taka bakin ƙofa. Da aka ba ta zoben a 2016 ba a ce ta warke ba. Akwai fitowa guda sukutum da aka ware don nuna yininta: ta farka, tana kwance, zuciyarta tana lissafa mata duk masifar da za ta iya faruwa in ta sauke ƙafa daga gado, ƙirjinta ya ɗaure, tana lallashin kanta kamar mai lallashin yaro har ta tashi. Macen da za ta tari dodo a sararin sama da rana, da safe yaƙinta shi ne ta fita daga bargo. Duk wanda ya taɓa zama da mai ciwon firgita, ko ya ga 'yar'uwarsa ta daina fita biki da kasuwa bayan wani tashin hankali ana ta cewa iska ce, zai gane abin da aka zana.

A wurina wannan shi ne ƙarfin mace da ya dace a nuna wa yarinya. Abin da masana'antar ta daɗe tana kira ƙarfafa mata shi ne a zana mace da ƙugu kamar zare, a matse ta cikin kayan da ba su rufe komai ba, a ba ta naushi, a ce ga 'yanci. Namiji ne ya zana don idon namiji. Jessica a rufe take ruf daga wuya zuwa ƙafa, kuma abin da ya sa ake tuna ta halinta ne. Littafin da ta raba da Simon Baz, Musulmi ɗan asalin Lebanon daga Dearborn, ya kai fitowa 57. Sunan Green Lantern ne ya saya mata wannan lokaci, na yarda, kuma maza ne suka ƙirƙire ta suka rubuta mafi yawan labarin. Don haka ba na cewa namiji ko Bature ba zai iya rubuta macen Latin Amurka da kyau ba.

Amma a duba abin da ya faru da alƙalamin ya shiga hannun Lilliam Rivera, marubuciya 'yar asalin Puerto Rico da ta taso a Bronx. A 2021 ta sake ba da labarin Jessica tana 'yar sakandare, babu zobe babu tashi sama. Iyayenta sun shigo da ita Amurka tana ƙarama ba takardu, tana zaune ne a ƙarƙashin shirin DACA da gwamnatin Obama ta kafa a 2012, wanda ke jinkirta korar irin waɗannan yara amma ba ya ba su zama ɗan ƙasa. Rannan jami'an shige da fice suka kama mahaifinta. Tsoron Jessica ya tashi daga na miyagun daji ya koma tsoron da dubban ɗaruruwan matasa ke kwana da shi a zahiri: a buga ƙofa da asuba. Shekaru ana rubuta wannan yarinya kafin a sami wadda ta ga cewa jarumar da labarinta duka kan tsoro ne, kuma sunanta Cruz, tana da wani tsoro na musamman da ke jiran a faɗa.

America Chavez ta nuna ɗaya gefen. An ƙirƙire ta a 2011, mai ƙarfi, mai tsaurin ido, tana naushin iska ta huda ƙofa mai siffar tauraro zuwa wata duniya. An tallata ta a matsayin 'yar Latin Amurka, alhali a labarin daga wata duniyar almara ta fito, ba ta da ƙasa ko gari ko kaka a doron ƙasa. Fata ce da gashi da 'yan kalmomin Sifaniyanci. A 2017 aka ba Gabby Rivera, 'yar asalin Puerto Rico daga Bronx, ta rubuta littafinta, kuma an bayyana ta a matsayin macen Latin Amurka ta farko da ta rubuta wa Marvel, kamfanin da tushensa ya koma 1939. Shekara guda aka ba ta. Sai a 2021, shekara goma bayan ƙirƙirarta, wata marubuciya, Kalinda Vazquez, ta ba America unguwa da dangi: iyalin 'yan Puerto Rico da suka raine ta a Washington Heights da ke New York.

Shi ya sa ban yi mamakin abin da ya faru a 2022 ba, lokacin da DC ta shirya bangon littattafai na musamman don watan tunawa da al'adun 'yan Latin Amurka. Aka zana Hawkgirl ɗauke da faranten abinci, aka ba Blue Beetle taco, wani abincin Meksiko, a hannu. Mai zane ɗan Meksiko, Jorge Molina, ya yi zanen Green Lantern riƙe da tutar ƙasarsa don girmama wani shahararren zanen Jorge González Camarena, sai ga wani bugu ya bayyana an ɗora wa gwarzon jakar tamale, shi ma abincin Meksiko. Jama'a suka yi ca, kamfanin ya ce zanen asali zai fita. Al'ummar da ta ba duniya marubuta da masu zane da 'yan gwagwarmaya, abin da ya fara zuwa zuciyar masu yanke shawara game da ita shi ne abinci. A watan Agusta na shekarar kuma Warner Bros. ya jingine fim ɗin Batgirl bayan an gama ɗaukarsa, an kashe masa kusan dala miliyan 90. Leslie Grace, 'yar asalin Jamhuriyar Dominika, ita ce tauraruwar, kuma har yau ba a nuna shi ba. Sasha Calle, 'yar asalin Kolombiya, ta fito a matsayin Supergirl sau ɗaya a 2023, aka ba wata matsayin.

Inda na ga abin da ya kwanta mini a rai shi ne wajen waɗanda suka daina jiran a ara musu. A 2016 Edgardo Miranda-Rodriguez, ɗan asalin Puerto Rico a New York, ya ƙirƙiri La Borinqueña a ƙarƙashin ɗan kamfaninsa, Somos Arte. Sunan taken tsibirin Puerto Rico ne, kayanta kuma tutar tsibirin. Jarumar, wadda ainihin sunanta Marisol Ríos De La Luz, baƙar fata ce mai cikar gashi, abin da ba kasafai ake nunawa ba in an tashi zana 'yar Latin Amurka, duk da miliyoyin jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka da ke yankin. Ɗaliba ce a Jami'ar Columbia tana karanta kimiyyar ƙasa da muhalli. Ta je tsibirin karatu na zango guda, a cikin kogunan dutse ta gamu da abubuwan bautar Taíno, mutanen asalin wurin, suka ba ta ikon tashi da sarrafa guguwa. Abokan gabanta ba dodannin wata duniya ba ne. Gurɓata muhalli ne, da kamfanoni masu haɗama, da halin da tsibirin ke ciki: yana hannun Amurka tun 1898, mutanensa 'yan ƙasar Amurka ne tun 1917, amma mazauninsa ba ya zaɓen shugaban ƙasa.

A ranar 20 ga Satumba, 2017 guguwar Maria ta afka wa Puerto Rico. Wutar lantarki ta ɗauke a tsibirin baki ɗaya, wasu yankuna sai bayan kusan wata 11 suka sake ganinta. Hukuma ta daɗe tana cewa mutum 64 ne suka mutu, kafin ta amince da ƙiyasin 2,975 da binciken Jami'ar George Washington ya fitar. A 2018 Miranda-Rodriguez ya tara marubuta da masu zane suka haɗa kundi mai suna Ricanstruction, DC ta ba da izinin amfani da jarumanta, Wonder Woman da su Batman suka shigo littafin Marisol a matsayin baƙi, kuɗin da aka samu kuma aka raba wa ƙananan ƙungiyoyin da ke aiki a tsibirin. Jarumar takarda ta kai taimako hannun mutane na gaske. Hakan ya yiwu ne saboda mai ita yana da ikon cewa ga inda kuɗinta za su tafi. Wanda ya ƙirƙiri jaruma a Marvel ko DC ba shi da wannan iko, aikin ƙwadago ya yi, kamfani ne mai kaya. Joe Casey, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri America Chavez, ya fito fili a 2022 ya ce abin da aka yi masa tayi lokacin da za a saka ta a fim bai taka kara ya karya ba, ya ƙi karɓa.

Gaskiya ne namiji ne ya ƙirƙiri Marisol, kuma wannan giɓi ne da ba zan rufe ido a kansa ba. Shi ya sa aikin Kayden Phoenix, marubuciya daga unguwar Boyle Heights a Los Angeles, yake da muhimmanci. A 2019 ta fito da Jalisco, yarinya mai rawar gargajiyar Meksiko wadda mahaifiyarta ta ɓace. Faffaɗan siket ɗin rawar, mai buɗewa in an juya, shi ne makaminta, da wuƙaƙe a gefensa. Labarin kan kisan mata ne, a ƙasar da alƙaluman hukuma ke nuna ana kashe mata kusan 10 a kowace rana. Ta ɗauki mata 'yan Latin Amurka su yi zanen, ta ci gaba da ƙara wasu jarumai har suka zama tawaga. Akwai kuma Jaime Hernandez, wanda tun farkon shekarun 1980 yake zana Maggie, makanikiya 'yar asalin Meksiko a California. Ba ta tashi sama, amma an bar ta ta yi abin da ba a taɓa barin jarumar Marvel ta yi ba: ta girma, ta yi ƙiba, ta yi kuskure, ta manyanta tare da masu karanta ta fiye da shekara 40. Shi da 'yan'uwansa ne masu littafin, babu wanda zai zo ya ce a sake lale.

Hanyar cin gashin kai tana da tsada. Littattafan La Borinqueña jefi-jefi suke fita, wani lokaci da shekaru a tsakani, kuma yaran da suka san Marisol ba su kai ko kusa da yawan waɗanda suka san Wonder Woman ba. Marubucin da ke buga nasa shi ne mai talla, shi ne mai ɗaukar kwali zuwa baje koli. Don haka ban sallami manyan kamfanonin ba, domin su ne ke da hanyar shiga kowane gida. Abin da nake nema a wurinsu ba shi da wuya. In za su fito da jaruma 'yar Latin Amurka, su ba ta sunan da ba na kowa ba. Su ba macen da ta san gidan daga ciki alƙalami, da kujerar edita, ba gayyatar watan biki kaɗai ba. Su ɗaure wa littafin gindi na aƙalla shekara uku, su kai shi laburare da makarantu da shagunan littattafai na gama-gari, da Turanci da Sifaniyanci, su ƙirga wannan cinikin kafin su yanke hukunci. Kuma ranar da jarumar ta zama fim, wadda ta ƙirƙire ta ta sami kaso a rubuce cikin yarjejeniya.